Burodi a Kan Amarya

Anti Balki,

Salamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Hay el-Sabi' a Alƙahira lafiya lau.

Zauna tukuna, na tafka abin kunya! Madam 'yar Ailan da nake wa girki a Ma'adi ta aurar da ɗanta. Amarya na shigowa, Madam ta ɗaga burodi za ta fasa mata a ka. Na damƙe hannunta ina ihu, "Haba Madam, haram!" Ashe a ƙauyensu haka uwar miji ke yi don su zauna lafiya da amarya! Burodin ya faɗi ƙasa, kakar ango ta fashe da kuka. Har yau Madam ba ta kira ni ba.

Anti, kin taɓa jin irin wannan? Ki sa ni a addu'a kar aikina ya tafi. A gaida Baba.

Taki,
Ummi