Takardar da Baba ya ƙi karɓa

Ƙuba, daren 14 ga Rajab, 1399

Yau ɗan baffana Yakubu ya zo duba ni da buhun shinkafa a kafaɗa. Kuɗinsa na daman sun fito, tallafin nan da hukuma ke ba ɗan ƙasa idan ya kasa aiki. Shi ciwon baya kawai ya zaunar da shi. Ni kuwa daga kan dabino na faɗo a wata gona a Awali, wata uku ke nan ban taka ƙafar nan ba, amma ba ni da rabo, don igama ce kawai gare ni, takardar zaman baƙo.

Tare ubanninmu suka shigo garin nan a ƙafa. Baffa ya je ya karɓi takardar tabi'iyya, ya zama ɗan ƙasa. Baba ya ƙi, wai shi baƙon Manzon Allah ne (SAW), baɗi zai koma Katsina. Baɗin ba ta zo ba, yana can kwance a Baƙi'a.

Yakubu ya ce, "Yaya, ma'alesh, kada ka damu, tukunyarmu ɗaya ce." Na ce Allah ya saka da alheri, amma idona na kan sabon takalminsa. Wallahi kunyar kaina nake ji. Bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Maiɗakina ta dafa shinkafar, yara suka ci har da suɗe kwano. Na ce mata ba na jin yunwa. Yanzu kowa ya yi barci, ga ni ina cin ragowar da sanyinta. Astagfirullah, abin haushin ma, daɗi gare ta.