Motar da ta kai babanku Harami

Ranuna, Madina
12 ga Safar

Zuwa ga 'yata Munirat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara mana haƙurin rashin babanku, Ya haskaka kabarinsa. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar da kika san ni da shi. Yau kwanana ashirin da uku a takaba. Zenabu maƙwabciyarmu ba ta bar ni ko yini ɗaya ba, kullum tana nan da butar shayinta da surutunta, har nakan ce ta tafi gida in samu in yi kukana.

Na ba wata mai Umara 'yar unguwarku takardar nan, tunda kin daina ɗaukar wayata. Na san dalili. An tura muku hoton jana'izar, kin ga makarar babanku a bayan tsohuwar wanit ɗinsa, wadda ku a Kano kuke kira a-kori-kura, dangin mijinki kuma suka yi ta tambayar ko motocin asibiti sun ƙare ne a Madina. Yayanki ya ce in faɗa miki wasiyya ce, don zuciyarki ta sauka. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Babanku bai bar wasiyyar komai ba. Ni na sa, kuma ban yi nadama ba.

Kin san motar da ɗaukar dabino daga gonakin Ƙuba. Abin da ba ki sani ba, don ya hana a yi zancen, shi ne sauran aikinta. A shekarun baya, idan wani ɗan ƙwadago daga Najeriya ko Nijar ya rasu ba shi da kowa a garin nan, babanku ake kira. Ya sauke buhunansa, ya wanke bayan motar tas, ya shimfiɗa dardumar ɗakinmu, ya kai bawan Allah inda za a yi masa salla. Ni nake wanke dardumar idan ya dawo, shi ya sa na sani. Sau ɗaya na yi masa ƙorafi, ya ce mini waɗanda yake ɗauka ba su fi shi rashin gata a wurin Allah ba, shi ma bai fi su ba. Daga ranar na ci gaba da wanke dardumar ba ƙorafi.

Ranar da ya rasu, bayan an gama takardu an yi masa wanka, aka shigo da shi gida mu mata mu yi masa addu'a. Yayanki ya riga ya kira motar ɗaukar gawa. Na aika aka kira mini shi, na ce a wanit babansa zai tafi. Kin san shi, idan ransa ya ɓaci Hausar gudu take yi. Ya yi ta zuba Larabci, wai abokan aikinsa duk suna waje, wai za a ce mun ɗauki ubanmu kamar kayan kasuwa. Na ce masa kayan kasuwar nan su suka kai shi makarantar da ya samo abokan aikin. Na ga maganar ta yi masa zafi, ni ma ta yi mini, amma ban janye ba. Na ce a tambayi Malam Sharfuddeen limamin unguwa, in ya ce babu kyau, na haƙura. Malam ya ce ba laifi, muddin an suturta mamaci kuma ba a jinkirta shi ba.

Saura ƙasa da awa biyu a kira La'asar. Motar tana tsakar gida, wata huɗu ba a tashe ta ba. Ni da Zenabu muka wanke bayanta, da wannan gwiwar tawa na hau. Alhaji Barau, aminin babanku, ya kawo batir daga tasa motar, ya ɗaura rumfa saboda rana. Da aka ɗora makarar, yayanki ya tsaya yana kallo, sai ya tattare rigarsa ya haye baya, ya zauna ya riƙe makarar da hannu biyu. Aka ce har suka isa wurin da ake sauka a ɗauka a kafaɗa bai sake ta ba. An yi wa babanku salla a Harami, yana kwance a Baƙi'a.

Akwai dalili na biyu, shi ne nawa na kaina, kuma ke mace ce, za ki gane. Mu ba ma bin jana'iza. Da an fita da shi daga ƙofa, rabona da shi ya ƙare. Da motar asibiti ce, da ta rufe ƙofa ta sulale shiru, ban san lokacin da ya bar layin ba. Amma shekara talatin da huɗu ina jin tarin injin nan kowace safiya, na san inda yake canza giya a gaban shagon burodi, na san inda yake rage gudu a kwana. Ranar na tsaya a bayan ƙofa, na bi shi da kunne. Na ji ya wuce shagon, na ji ya sha kwanar, na yi ta jin sa yana nisa har ya ɓace. Rakiyar da na iya yi masa ke nan, Munirat, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kanta ba, ko a Kano ko a nan.

Ki gaishe da maigidanki da surukarki, da Gwaggo Kaltume, ki shafa mini kan Hamid da Wafa. Yayanki da Zenabu suna gaishe ki. Ki kira ni, ko da faɗa za ki yi mini. Muryarki nake so in ji.

Mahaifiyarki,
Asama'u