Mun ga gwanki

Daren Asabar, Rikoto

Mun dawo daga gandun dajin Kainji, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ƙungiyar agajin da ke tallafa wa gandun ce ta biya wa 'yan ajina kuɗin mota. A ƙofa aka binciki jakunkuna, sai ga danƙon harbi a kusan kowace. Iyaye suka saka musu, wai ba a dawowa daga daji hannu rabbana. Na ji kunya.

Ina shigowa gida Baba ya ce, "Ina naman?"

Na ce, "Kallo muka je, Baba. Mun ga gwanki."

Ya ce, "Ashe da saura? Rabona da gwanki tun kina goye. Tambayo mini, motar tana ɗaukar tsofaffi?"