Motata na mutuwa a tsaye, kuma makaniken surukina ne

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin ka ɓoye mani suna. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce in sayi sabuwar mota ya riƙe bakinshi, in yana da ita ya aiko.

Ni magidanci ne a Ƙofar Guga, shekaruna sun kusa hamsin, boko ban yi nisa ba, tuƙi na sani. Ina da tsohuwar mota mai kafireta, da ita nake kai wasu malaman makaranta mata huɗu Batagarawa kullum da safe, in maido su bayan azahar. Abin da nake ci da iyali kenan, babu wani.

Wata biyu kenan motar ba ta silo, wato in na tsaya inji ba ya zama da kanshi. Da safe lafiya lau take tashi, amma da ta yi zafi, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta kama kyarma, sitiyari na rawa a hannuna, sai ɗif. A kan gudu ba ta da matsala. Yanzu in zan tsaya, ƙafa na kan totur, burkin hannu nake ja. Shekaranjiya ta mutu mani a tsakiyar shataletale wajen Ƙofar Kwaya, 'yan acaba suka zagaye ni da hon, wani yana cewa Alhaji a kai ta gwangwan mana. Malaman nan da hijabansu suka fito, har biyu suka sa hannu a turi. Babbarsu, Hajiya, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi Malam mun gaji da sa hannu a rajistar makaranta a makare, in ba ta gyaru ba zuwa Litinin za mu nemi wani.

To ga inda matsalar take. Makanikena uban matata ne. Shi ya zaɓa mani motar, shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa sa mata sifana sai shi. A zamaninshi ba a yi kamar shi ba, wannan gaskiya ce. Amma yanzu Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi. Sau biyar ina kai mashi. Mun canza fulogi, mun canza filtar mai, ya kwance kafireta ya wanke da fetur ya hura da baki, ya ce man 'yan bumburutu na bakin titi nake sha, na daina, duk a banza. Ƙarshe sai ya ɗaure sukurun silo, inji ya dinga ihu yana shan mai kamar me, kwana biyu ta koma gidan jiya.

Ni kuma in na buɗe bonet ina jin wani sauti, sssss, ta bayan kafireta. Wani direba abokina ya saurara ya ce iska take sha, ko tiyo ya tsage ko gasket, aikin awa ɗaya ne wurin mai kunne. Na je na duƙa na gaida Baba, na kewaya na kewaya, na ce ko dai iska take sha Baba? Ya kara kunne ya ce shi bai ji komai ba, wai tun ina wasan ƙasa yake kwance inji. Suruki ne, ko ido ban iya haɗawa da shi.

Na ce wa matata zan kai ta wani gareji a ɓoye. Ta ce a Katsina? Rabin makanikan garin nan a hannunshi suka koya, kafin in rufe bonet labari ya kai mashi. Na ce to shikenan mu ci girmamawa. Muka yi ta yi, na faɗi maganganun da bai kamata ba. Sai ta sa kuka, ta gaya mani abin da ban sani ba, wai duk kwastomominshi sun watse, motata kaɗai ta rage. Duk ranar da zan kai mashi motar, tun asuba yake sa a fito mashi da akwatin sifanu yana gogewa.

Tun ranar na rasa abin yi. Na leƙa da fitilar waya ban ga tsagar ba, ni ba makanike ba. Yau Alhamis.

Masu sanin mota, iskar ce da gaske? Akwai yadda zan gano wurin da kaina in toshe, sannan in kai mashi ya taɓa sukuru a ce shi ya gyara? In kuma babu, ku gaya mani tsakani da Allah, in tsallake tsohon nan in kai wa wani, ko in zauna Litinin ta same ni a haka? Don ni kam na kasa zaɓar wanda zan kalla in ce ya yi haƙuri, shi ko 'ya'yana.