Muharramina Yana Gidan Yari

Zuwa ga Mai Girma wakilinmu a majalisar jiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙo ya yi sallama gidanmu ɗaki nake shigewa. Malamarmu na ba wagga takarda ta kai gidan jarida, don in aka ce in zo gabanka in faɗa da baki, kuka kawai zan yi.

Sunana Shafa'atu, shekarata goma sha shida. A Dauran nake, makarantarmu kuma tana Zurmi.

Na farko. Yayana Lawali ɗan kabu-kabu ne, yana haya da babur. Wata huɗu ke nan da aka tsayar da shi a hanyar Kaura, aka sami ƙullin wiwi ɗaya a aljihunsa, wanda bai kai ƙullin daddawar miya ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, nasa ne, bai kuma musa ba. Amma bai taɓa sayar wa kowa ba. Yanzu a gidan yari ɗaki ɗaya suke kwana da mutumin da aka kama da buhuna a mota, kuma zaman da aka yanke musu bai yi nisa da juna ba.

Na biyu, shi ne ya sa na ɗauki biro. Tun da Shari'a ta zo, mace ba ta hawa bayan namijin da ba muharraminta ba. Wallahi na yi murna da hakan, don dā ma ni kunya nake ji. Sai dai Baba ya rasu, ƙannena duk mata ne, Kawu kuma yana can Galadi. Muharramina ɗaya ne a garin nan, Lawali. Shi ke kai ni makaranta da safe, ya ɗauko ni da azahar. Motar da mata ke shiga ba ta tashi sai ta cika, in ta cika kuwa an riga an rufe ƙofar makaranta. Na gwada sau da yawa, sai in tsaya a bakin ƙofa ina jin muryar 'yan ajinmu. Malama ta ce in hutun nan ya ƙare ban dawo ba, ba za a sa sunana cikin masu jarrabawa ba. Ka ga mutum biyu aka ɗaure, sunan ɗaya ne kawai a takarda.

Shi ke aro mini littattafan soyayya in ya je Kaura, yana tsokanata wai uwar 'yan mafarki. A cikin littattafan nan, in saurayi ya lalace, uwarsa ta yi hawaye, shafi biyu ya shiryu. Na ɗauka haka duniya take. Da muka je duba shi da Inna, na ga ya rame, bakinsa kuma ya koyi maganganun da ban san shi da su ba. Ya tambayi karatuna, na ce lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "To wa ke kai ki?" Inna ta juya kai, ni kuma na kama gyaran hijabina.

Na uku, roƙona. Ban ce a mayar da haram halal ba, Allah ya tsare ni. Cewa nake a raba mai ƙulli da mai buhu. Wanda aka samu da ɗan abin shansa karo na farko, a hore shi a gaban idon mutanensa: ya share kasuwa, ya ɗebo ruwan masallaci, ya riƙa bayyana gaban mai unguwa duk Juma'a, a haɗa shi da likita da malami. Waɗanda ke ciki kuma a sake duba zancensu. Ban san yadda ake gyara doka ba, amma an ce a zaurenku ake yi.

Za ka ce wa zai tsaya masa in an sake shi. Ni ce. Akwai abin da ko Inna ban faɗa wa ba. Na daɗe da sani. Kullum ina bayansa a babur ina jin warin a rigarsa, na yi shiru don nauyinsa da nake ji. Da na yi magana tun farko, da wataƙila bai kai haka ba. In kun dawo mini da shi, duk safiya zan ji ko ya koma, kuma wannan karon zan faɗa, ko da muryata na rawa.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuri'a, ya sa kada ɗiyarka ta taɓa rasa mai kai ta inda za ta.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Shafa'atu, Dauran.