Saboda Begilar Makaranta An Ce Gidana Gidan Maroƙa Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin Allah ya saka da alheri, a ɓoye sunana kamar yadda aka saba, ko da yake mutanen Wudil suna karantawa za su gane ni, to su gane ɗin, ai ba sata na yi ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai shirin ce min "Baba ka ji tsoron Allah" ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni dattijo ne, na yi ritaya daga aikin gwamnati, asalina mutumin Indabo ne, ɗan manomi jikan manomi, yanzu ina zaune a Sabon Garin Wudil. Na yi sakandaren gwamnati da ke bayan gari a shekarun nan da kuɗin fetur ya ɓarke, gwamnati na neman inda za ta zuba arziki. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce ƙari nake. Yunifom kyauta, bargo, sabulu, takalmi, in an yi hutu a sa ka a mota har garinku. Shinkafa da nama muke ci har muna yanga, ni da na taso da tuwon dawa miyar kuka safe da dare. Malamai kuwa daga ko'ina, Ba'indiye na koyar da lissafi, Bamisire na Larabci, ga ɗakin koyon kafinta, ga na ƙira, ga na tafireta, ga gonar makaranta da tarakta sabuwa fil muna rububin hawa. Babu mai tambayar ka ɗan wane ne kai kafin ya koya maka abu.

Ni abin da ya tafi da hankalina badujala ce. Wata rana mota ta sauke akwatuna, aka buɗe sai ga ganguna da begiloli suna ƙyalli. Wani malami ɗan Ghana ya jera mu 'yan fom wan ya ce kowa ya busa. Duk wanda ya gwada sai ka ji kamar an shaƙe akuya. Ni kuwa da na saba ihun korar tsuntsu a gonar gero, ina busawa sai da shanun da ke kiwo a bayan katanga suka ɗaga kai. Tun daga ranar ni ke busa tashi da safe, ni ke busa cin abinci, ni ne a gaba ranar fareti. Yaron ƙauyen da ba ya iya haɗa ido da malami ya zama shi ake jira kafin makaranta ta motsa. Wallahi a nan na fara sanin ni ma mutum ne.

'Yan kai tsegumi suka je suka gaya wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, wai ɗansa ya zama maroƙi a makarantar boko. Ranar Juma'a da ya zo cin kasuwa ya biyo makaranta ransa a ɓace, ya sa aka kira ni gindin darbejiya. Ya tambaye ni in na busa ana yi min liƙi? Na ce a'a. Ina kiran sunan wani ina wasa shi? Na ce a'a. Sai ya ce to wannan aikin makaranta ne kamar shara, in je in yi shi da kyau. Bai ƙara tada maganar ba har ya koma ga Allah.

To bara muka kai ziyara makarantar mu tsofaffin ɗalibai, abin da na gani ya sosa min rai. Ɗakin kafinta ya zama gidan jemagu, taraktar ta nutse ciyawa ta fito ta cikinta, ƙarfen tayar mota ake bugawa a kira yara aji. Na ce a buɗe min sito. Ga begilolinmu nan a jibge sun yi kore, zanzaro ya yi gida a cikinsu. Na zauna a ƙasa na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Na roƙi firinsifal na kwaso su gida, na goge su da toka da lemon tsami, waɗanda suka tsage na kai wa mai walda. Tun daga nan duk Asabar da hantsi ina can ina koya wa yara. Sharaɗina ɗaya, wanda ya yi fashin aji ba zai taɓa min begila ba. Yaran da ke haure katanga su tafi bakin kogi wajen masu ɗibar yashi, yanzu su ke riga ni zuwa. Firinsifal ya ce ranar rabon kyaututtuka a ƙarshen zangon nan za su fito fareti gaban iyayensu karo na farko, kuma ni zan ja su.

Ga inda gizo ke saƙar. Ina da 'yar auta, ta gama karatunta, wani yaro daga Dagumawa ma'aikacin asibiti ya fito neman aurenta. Natsattse ne, suna son juna, ni ma na yaba da shi. Danginsa suka turo binciken asali kamar yadda aka saba. Masu binciken suka tsaya wajen wani mai shago a bakin layinmu, ya ce au, Alhaji mai busa kuke tambaya? Har ya ciro waya ya nuna musu bidiyon da wani ya ɗauke ni ban sani ba, kumatu a kumbure, idanu waje. Shi ke nan, aka koma aka ce gidan mabusa ne.

Baffan yaron, wanda shi ne waliyyinsa, ya zo har zaurena. Bayan mun gaisa mun tambayi gida da gona, ya ce su a zuri'arsu ba sa haɗa iri da makaɗa da maroƙa. Na ce ya je Indabo ya tambayi ko ni wane ne. Ya ce ai ya riga ya tambaya, ya san asalina fes yake, amma bakin duniya fa? Gobe a riƙa ce wa 'ya'yansu jikokin mai busa. Sai ya kawo sharuɗɗa, in daina zuwa makarantar, kada in fito ranar faretin, sannan in zo gaban dattawansu in ce ruɗin tsufa ne, na tuba. Raina ya ɓaci, na ce masa, "Alhaji, na yi aikin gwamnati har na tsufa ban taɓa miƙa wa mutum hannu ba, yau don na hana 'ya'yan talakawa yawon banza ni ne maroƙi?" Na ce ya sha ruwa, ya gaida gida.

Tun daga ranar gida ya rikice. Hajiya, uwar 'ya'yana, ta ce tsofai-tsofai da ni ina hura ƙarfe kamar ɗan sikawut, yanzu maganar abinci kawai ke haɗa mu. Yayana ya bugo daga Indabo ya ce zan ja wa gidanmu suna. Na ce Yaya, ubanmu da ya haife mu ya ga abin nan da idonsa ya sa albarka, kai ka fi shi kishin gidan ne? Babban ɗana ya ce in bari sai bayan biki in ci gaba a ɓoye. Na ce munafunci ke nan, kuma in na janye yanzu firinsifal zai mayar da kayan sito ya kulle, yaran nan su koma bakin kogi, na san halin gwamnatin yanzu, abin da aka kulle ya kullu ke nan. Kowa ya zo da tasa ina da amsarsa, kuma har yanzu ban ga laifina ba.

Ita yarinyar kuwa sai ramewa take. Jiya bayan la'asar ta kawo min fura, na ce ta zauna. Na ɗauko mata labarin makarantarmu tun daga farko don ta fahimci abin da nake karewa. Ta saurara kanta a ƙasa har na gama, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Sai ta ce, "Baba, ku a lokacinku an ba ku komai, har abin da ba ku nema ba. Ni tun da ka haife ni abu ɗaya na taɓa ce maka ina so." Ta ɗauki kwanon ta shige ciki.

Jama'a, na ja da baffa, na ja da yayana, na ja da Hajiya, amma maganar autar nan ta fi ƙarfina. Mai cewa in je in durƙusa in ce na tuba ya adana datarsa, ko za a yanka ni ba zan kira alheri ruɗin tsufa ba. Amma jibi Asabar, yara za su jeru suna kallon ƙofar makaranta, ita kuma tana ɗaki tana sauraron ko za ta ji na tada babur. Ku gaya min tsakani da Allah, in fita ko in zauna?