Ƙasusuwan Hannuna a Hoton Kyanwa

Gwaggo, don Allah kada ki sa wasiƙata a layi, ki duba ta da wuri, domin abin da ke damuna ba ya jira. In kin ga na yi ta kai da komo a rubutun nan ki yi haƙuri.

Ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi. Ni ba likita ba ce, mataimakiya ce: in wanke rauni, in auna nauyi, in riƙe dabba a yi mata allura. Mai asibitin yayan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya koya min komai. Yaya Likita muke ce masa. Mutumin kirki ne, ba na so ki ɗauka ƙararsa na kawo.

Muna da na'urar eksire, wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ita, a wani ɗan ɗaki can baya, ba taga, sai tebur na ƙarfe da fanka mai ƙara. Mutum in za a ɗauke shi hoto sai a ce ya riƙe numfashi, ya riƙe. To kare fa? Kyanwa fa? Dole wani ya danne su, kuma wanin nan ni ce. Da can Yaya ke riƙewa ina danna maɓalli daga bayan bango, har wani kare ya yi masa mugun cizo a wuyan hannu, sai muka yi musaya. Allah ya ba ni sanyin hannu. Karen da ya hana kowa shiga, in na dafa wuyansa na yi masa magana sai ya lafa. Masu dabbobi har tambaya suke ko mai sanyin hannun nan tana nan. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin wannan suna, don a gidan surukaina ba wanda ya taɓa yaba min da komai.

Rigar dalma guda ɗaya ce muke da ita, wadda ake sawa ta tare hasken na'urar. Nauyi gare ta kamar ka goya yaro, ga ɗakin da zafi. In an gama sai mu ninke ta mu jefa kan kujera, har ta yi layi a tsakiya, daidai inda take sauka a kan ciki. In babban kare ne ina sawa. In 'yar kyanwa ce ko zomo, Yaya kan ce ɗan hoto ne, ƙiftawar ido, ni ma in ce haka ne. Safar hannun dalmar kuwa tana cikin durowa, don da ita ba ka jin ƙafar kyanwa a hannunka. Wani lokaci ɗan yatsana kan leƙo a gefen hoto, sai Yaya ya yanke gefen a kwamfuta kafin a nuna wa mai dabba. Har dariya muke yi, yana cewa yau ma na yi kutse.

Gwaggo, ina da ciki. Ƙarami ne, ban daɗe da sani ba. Mun yi shekaru muna nema, kuma sau biyu ina ɓari. Na farko tun ba a sayi na'urar ba, na biyu bayan an saya. A na biyun nan surukata ta zauna a bakin gadona a asibiti tana cewa mace mai wuni da karnuka da ƙarafa ina ita ina riƙe ciki. Daga ranar mijina yake min zancen barin aiki. Da wannan cikin ya samu, ya kama hannuna ya ce in yi masa alkawari ba wanda zai ji, ko mahaifiyata, sai ya fito da kansa. Ya ce ba zai iya sake zama ana shigowa ana yi masa jaje ba. Na yi alkawari. Shi a tunaninsa auna nauyi da miƙa auduga nake yi. Bai taɓa shiga ɗakin bayan nan ba.

Makon jiya aka kawo wata kyanwa da ta faɗo daga bene. Tana ta fizge-fizge, na miƙe mata ƙafa na danne da tafin hannuna, ba riga, kamar kullum. A lokacin ina zargin ɓatan wata amma ban yi gwaji ba, ina tsoron sa rai. Ana ɗauka sai aka kira Yaya waje, ya bar hoton a fuskar kwamfuta bai yanke ba. Na leƙa in ga karayar. Abin da na gani ba ɗan yatsa ba ne. Hannuna ne gaba ɗaya har wuyan hannu, ƙasusuwa fari fat a jere kusa da ƙafar kyanwar, ga zoben aurena yana yawo a jikin ƙashi kamar ba nama a wurin. Shekara da shekaru ina kallon cikin dabbobi, ban taɓa kawowa a raina cewa hasken nan ni ma ratsa ni yake ba. Na ɗauki hoton da wayata, ban ma san dalili ba. Washegari na yi gwaji, ya nuna akwai.

Tun daga nan ban da sukuni. Na yi ta lissafin dabbobin da na riƙe kafin in sani, lissafin ya ƙi tsayawa. Na shiga waya na yi bincike, abin da na karanta ya hana ni cin abinci. Ko marata ta ɗan murɗa sai in ruga banɗaki in duba. Mijina na ganin na rame yana cewa laulayi ne, yana ta murna, ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi.

A wurin aiki na fara zille-zille. Ran nan na ce kaina ke ciwo, wata rana na ɓace da sunan sayen katin waya. Sai Yaya ya leƙa gaba ya kira yarinyar da ke karɓar baƙi, muna ce mata Amarya don ba ta daɗe da aure ba, ya ce ta zo ta taimaka. Ina tsaye a baranda na ji ƙarar na'urar, na san tana ciki ba riga. Wa ya san abin da ita ma take ɗauke da shi? Sai na ji kamar na ture ta cikin ramin da na tsallake.

Yanzu ga wani ƙaton kare mota ta buge shi a ƙugu, an ɗaure masa wurin, za a dawo da shi farkon mako a sake hoto ta fuska daban-daban. Yaya ya riga ya ce min ranar kada kan nan ya yi ciwo, don ba mai iya karen sai ni. Da wasa ya faɗa, amma ya kafe ni da ido.

In na gaya wa Yaya, na karya alkawarin mijina, kuma Yaya ba ya iya ɓoye wa matarsa komai, ita kuma bakinta ba ya rufuwa, kafin yamma Mama, surukata, ta ji. In na gaya wa mijina gaskiyar aikin da nake yi, zai je ya sami yayansa, kuma na san zafinsa, zumuncin da ban gina ba zan rushe. Aikin ma ya tafi ke nan, abu ɗaya da na iya a duniya. In na yi shiru na shiga ɗakin, ban san me nake yi wa abin da ke cikina ba. In na sake zillewa, Amarya ce za ta shiga. Gaba kura, baya sayaki.

Gwaggo, ki gaya min gaskiya ko da ɗaci. Na riga na cuce shi? Kuma ranar da za a kawo karen nan, me zan yi?

Taki,
Mai sanyin hannu

*

'Yata mai sanyin hannu,

Zauna tukuna, ki sha ruwa. Tambayarki ta biyu tana da amsa gajeriya: ranar da za a kawo karen ba za ki shiga ɗakin nan ba, Amarya ma ba za ta shiga ba. Sauran maganar duk ta yadda za a yi ne.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai wasiƙarki, ba suna, wurin wata ƙawata da ta tsufa tana ɗaukar hoton ƙashin mutane. Ta ce hasken na'urar yana sauka kai tsaye ne a kan abin da ke tebur, shi ya sa hannunki ya fito. Abin da ke isa cikin wanda ke tsaye a gefe fantsuwa ce, kuma ƙarfinta bai kai ko kusa da na tsakiyar ba. Ta ce yawan hasken da aka san yana illa ga ɗan tayi ya ninka na irin waɗannan hotuna nesa ba kusa ba, kuma ta sha ganin matan da aka ɗauke su hoto ba su san suna da ciki ba, suka haihu lafiya. Ba ta ce ba komai ba, ni ma ba zan ce ba, don ba mu ga na'urarku ba. Ta ce ki je wurin likitan mata a makon nan ki faɗa masa komai: irin dabbobin, inda kike tsayawa, da ranakun da ba riga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki kuma daina binciken waya, ba a ɗakinku aka rubuta shi ba.

Ki lura da abin da kika rubuta da hannunki: ɓarin farko ya zo tun ba na'urar. Ɓari yana da dalilai da yawa, wasu har likitoci ba sa ganowa. Surukarki ta faɗi magana cikin ɓacin rai, kada ki mayar da ita hukuncin asibiti.

Yanzu mijinki. Ina jin tausayinsa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ya nemi alkawarin nan ne don ya kare cikin, kuma ya nema bai san akwai ɗakin baya ba. Alkawarin da zai tura ki gaban na'ura ya juya wa manufarsa baya. Shi za ki fara gaya wa, yau, ba gobe ba. Ki fara da cewa kin daina shiga ɗakin kuma kina so ya raka ki wurin likita, sannan ki nuna masa hoton. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. In ya huce ki gaya masa abin da kika gaya min, cewa yayansa shi ke riƙe dabbobin nan da nasa hannun kafin ke. Ba mugunta ya yi miki ba, sabo ne, sabo kuwa turken wawa.

Amma rashin mugunta bai wanke Yaya ba. Shi ne likita, shi ne mai wurin, kuma yanke gefen hoto ba ya cire hasken daga hannun da ya riga ya ratsa. Ga abin da zai sauƙaƙa miki: ba sai kin ambaci ciki ba kafin ki ƙi. Hoton nan kaɗai ya isa hujja, ko da namiji ne mai hannun. Ki same shi shi kaɗai a ofis kafin ranar, ba a gaban mai kare ba, ki ajiye masa wayar a tebur. Ƙawata ta ce hannu ba shi da hurumi a tsakiyar hasken ko da safar dalma. Dabbar da ba ta tsayawa allurar barci ake mata in lafiyarta za ta ɗauka, a tallafe ta da jakunkunan yashi da maɗauri, kowa ya fita. Rigar dalma kuma rataye ta ake yi, ninkewa na fasa ta daga ciki, kuma taku da ta yi layi sai an ɗauke ta hoto an ga ko ta tsage. Akwai kuma ɗan abin da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji yana auna hasken da suka sha, ku nema. Duk wannan Yaya ya karanta shi, tuni kawai yake buƙata.

Ko za a gaya masa zancen cikin, wannan ke da mijinki za ku yanke. Ni dai da za ku bi tawa, ku gaya masa, mijinki ya faɗa da bakinsa, ya ce amana ce tsakanin wa da ƙane. A asibitin dabbobi ba na'urar kaɗai mai ciki ke kaffa-kaffa da ita ba, akwai kashin kyanwa da wasu magunguna, kuma gara mai wurin ya sani. In ma maganar ta kai kunnen Mama, surutu ne, za ki sha ki tashi. Barin aiki kuwa kada ki yarda a yanke shi cikin firgici. Ƙawata ta haifi 'ya'yanta tana bakin aiki, wurin tsayuwa kawai aka canza mata. Sanyin hannunki yana da amfani a kowane ɗaki na asibitin.

Abin da ya fi burge ni a wasiƙarki shi ne, kina cikin naki tashin hankali kika tsaya a baranda kina jin tsoro saboda Amarya. Ki ja ta gefe ki nuna mata hoton ita ma, tana da haƙƙin ta sani.

Kada ki goge shi daga wayar. Amma akwai wani hoton da ke jiranki a wurin likita, na sikanin, wanda da sauti yake aiki, ba ruwansa da hasken da kike tsoro. Ki tafi da mijinki, ki ba shi hannun nan mai zobe ya riƙe, ku kalla tare.

Allah ya raba lafiya, ya sa ki goya abinki.

Gwaggonki